Layukan da Goggo Ba Ta Rubuta Ba

Goggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na unguwar Kado, aka yi mata sutura bayan azahar. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Na faɗi haka a ranar har bakina ya bushe, amma ban ji komai ba. Yau kwana goma sha biyu, hawaye bai zo mini ba tukuna. Mata sun yi ta satar kallona a ɗakin makoki suna jiran in fashe da kuka, ni kuwa ina zaune ina kallon takalman da aka tara a bakin ƙofa, ina tunanin yadda kowa zai gane nasa.

Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, bayan rasuwarsa, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata take kirana. Malamar firamare ce har ta yi ritaya, kuma marubuciyar littattafan soyayya, tun ana buga su a takarda ana kaiwa kasuwa har aka koma karatu a waya.

Ban san yawan jama'ar da ta tara ba sai ranar. Wata Hajiya ta zo daga Maitama, direba ya buɗe mata ƙofa, ta shigo ta zube a tabarma kamar kowa. Ta ce, "Wallahi ban taɓa ganinta ba. Amma da na yi wata uku ina jinya, littafinta ne ya riƙe ni." Wasu mata uku suka zo daga Uke a motar haya, da doya a buhu. Waya ɗaya gare su su ukun, mai ita ce ke karanta wa sauran. Ogana na ma'aikata ya tsaya daga waje ya ce, "Sori fa madam, Allah ya ba da haƙuri. Ki ɗauki sati guda, kar ki damu da fayil." Sai Mama mai kifi, ƙawar Goggo ta kasuwar Kado, wadda ba Bahaushiya ba ce. Ita ko ɗakin ba ta shiga ba. A dandamali ta zauna ta miƙe ƙafa tana kuka da ƙarfi, tana kiran Goggo Hajiya kamar yadda ta saba.

"Hajiya ya tafi. Hajiya ya tafi ya bar ni. Yanzu wa zai karanta mini?"

Akwai kuma wata irin magana, ta ƙasa-ƙasa. Maƙwabta biyu ne a bayana.

"Allah dai ya yafe mata. Kin ga littattafanta na baya-bayan nan kuwa?"

"Hmm. Tsohuwa da ita. Ni ai ƙwace wayar na yi daga hannun 'yata."

Na ji su sarai. Na juya na miƙa musu ruwan leda, suka yi mini gaisuwa, na amsa. Abin da suke magana a kai ba Goggo ce ta rubuta ba, ni ce. A ranar kuma babu mai rai da ya san haka sai ni.

Zan zo kan wannan. Amma ina so a fara sanin wace ce ita, don ba na so a tuna da ita ta bakin waɗancan matan.

Bayan sallar walaha take zama. Ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta kife tiren silba a kan cinya, shi ne teburinta. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro biyu, shuɗi da ja. Duk maganar da namiji zai yi a labarin da ja take rubuta ta. Na taɓa tambayarta dalili.

"Don in riƙa ganin yawanta. In na buɗe shafi na ga ja ya cika shi, na san yaron nan maƙaryaci ne, ko da ban shirya masa haka ba."

Ba ta yarda da soyayyar da ake yi a jirgin sama da manyan otal ba. Takan ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya yi zance a sama ba. Samarinta teloli ne, da direbobi, da ƙananan ma'aikata masu jiran motar Nyanya da yamma. Sau ɗaya ta sa mai kuɗin Maitama a littafi, shi ma maigadinsa ne ya samu yarinyar.

Kowace Asabar sai ta tafi kasuwar kifi. Ta dawo da tarwaɗa biyu da labari goma. Takan zauna a benci kusa da Mama mai kifi, ta riƙa yi wa mata tambayar da babu mai yi musu. Ranar da ya fara zuwa zance wace riga ya saka? Da zai tafi me ya ce miki? Matan da hannunsu ya yi kanta da wuƙa sai ka ga sun rufe fuska suna dariya. Daga nan ta zaro littafinta ta karanta musu babin makon, ana kankare kifi, ƙuda na bin kowa. Tana da ma'auninta. Idan aka ci gaba da aiki tana karatu, babin bai yi ba, za ta koma ta sake shi. Idan wuƙaƙe suka tsaya, ya yi.

Akwai wani direban tanka a wani littafinta, uban yarinyar da labarin yake a kanta. Tun farko ta tsara zai mutu a hatsari, yarinyar ta zama marainiya, duk labarin a kan mutuwarsa ya rataya. Ta karanta musu har inda ya ɗaura kaya zai kama hanya. Mama mai kifi ta ajiye wuƙa. Ita mijinta direba ne, kuma hanya ce ta cinye shi.

"Hajiya, kar ka kashe shi. Don Allah bar shi ya dawo gida."

Goggo ta dawo ta yage shafi shida. Mako biyu tana fama da labarin, tana tsaki, tana zagin kanta da tausayin banza. Amma ba ta kashe shi ba. Har littafin ya ƙare mutumin nan yana zaune a ƙofar gida yana shan shayi. Na ce mata, "Goggo, wannan mutumin fa ba shi da aikin yi a littafin nan."

Ta ce, "Yana da shi. Dawowa gida yake yi kullum."

Tana da faɗa, kada a ce na ɓoye. Baffa ya fi kowa sani. Ƙaninta ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, yana da shagon atamfa a kasuwa. Da ta dawo daga Makka ya zo ya zauna, ya gyara murya.

"Yaya, yanzu fa kin zama Hajiya. Wannan rubutun ina sonki kina sona ya isa haka."

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Wasiƙar da ka kai wa matarka kana saurayi, wa ya rubuta maka? Kai da ko bayan gaisuwa ba ka iya haɗawa."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Wata biyu bai taka gidan ba. Amma kowace Juma'a sai ga matarsa da ledar lemo da ayaba, ta ce Alhaji ya ce a gaishe da Yaya.

To, ga nawa.

Lokacin da karatu ya koma waya, idonta ya riga ya fara yana. Tana iya rubutu a takarda da manyan baƙaƙe, amma fuskar waya ba ta ganin komai a kanta sai haske. Aikin ya dawo hannuna. In na tashi daga ofis in biyo ta Kado, in karɓi babin ranar, in buga a kwamfuta, in tura wa masu karatu a guruf ɗinsu na waya. Washegari in zauna kusa da ita in karanta mata abin da suka ce. Kullum sai ta ja mini kunne: "Karanta mini duka, har da zagin."

Zagin kuwa ya fara yawa. 'Yan mata suna cewa littafin Hajiya babu gishiri. An ɗaura aure, an kai amarya, sai kawai a ce washegari? Suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya suna komawa wurin sababbin marubuta. Abin ya riƙa ci mini rai fiye da ita. Wata rana na ce mata ta ɗan sassauta, ko da riƙe hannu ne.

"Ni 'yar rakiyar amarya ce, Uwata. In kai ta ɗaki, in yi mata nasiha, in ja ƙofa in kama hanyar gida. Wace 'yar rakiya kika taɓa gani ta zauna a bakin gado?"

"Goggo, zamani ya canza."

"To zamani ya sayi bironsa."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce shi ya sa kowa yake gudun ta. Ta daɗe tana kallon inda take jin muryata, sannan ta miƙo mini littafin ta ce, "Buga abin da na ba ki."

Na buga abin da ta ba ni, na ƙara layi uku. Ya riƙe hannunta a cikin mota, shi ke nan. Guruf ya kama da wuta. Mako na gaba na ƙara sakin layi guda. Daga baya shafi sukutum, kuma ba riƙe hannu ba ne. Ba zan maimaita su a nan ba, waɗanda suka karanta sun sani. Littafi huɗu na yi wa haka, duk da sunanta a kai.

Na riƙa gaya wa kaina don ita nake yi, don kada sunanta ya mutu tana raye. Akwai gaskiya a ciki. Amma na ji daɗin abin, wannan ma gaskiya ce. Ni da na wuni a ma'aikata ina buga "an umarce ni in sanar da kai", sai ga mata suna rububin abin da ya fito daga kaina. In na zo karanta mata sharhi sai in tsallake duk wanda ya ambaci wuraren. Ita dai ta ji mutane sun dawo. Ta yi murna irin ta yara. Ta dafa gwiwata ta ce, "Kin gani ko, Uwata? Haƙuri ake yi da mai karatu, zai dawo da ƙafarsa."

Na ce, "Haka ne, Goggo."

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, Baffa ya kira ni falo. Wani ya tura wa matarsa hoton wasu shafuka, ita kuma ta nuna masa. Wayar na kan kujera a kife, kamar abin da ba ya so ya taɓa. Cikin kwana uku ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Uwata, kin san da wannan?"

Na ce na sani.

"Ban ga laifinki ba, aiki aka sa ki. Amma ki saurare ni. Duk wanda ya karanta wannan ya saɓa wa Allah ko a zuciyarsa ne, Yaya tana da kaso. Tana kwance ana kai mata. Ni ba zan iya kwanciya a kan katifa ina sane da haka ba." Ya nuna wayar. "Kafin sadakar bakwai ki goge duk abin da ke cikin wayoyin nan. Ki roƙi mutane su goge nasu. Littattafan hannunta kuma ni zan zo in ƙone su da kaina, duka, kada wani ya sake bugawa."

Ba mugunta ba ce. Son yayarsa ne ya sa shi, kuma na ga haka a fuskarsa. Ni kuma a take na ga wani abu dabam. Littattafan hannunta su kaɗai ne shaidar cewa ba ita ta rubuta ba. Idan suka ƙone, babu wanda zai taɓa sani. Ita za ta tafi da sunan, ni in ci gaba da zama uwar 'ya'ya biyu mai mutunci, wadda aka sa aiki ta yi.

Na ce, "To, Baffa."

Kwana na huɗu da na biyar ban san yadda zan kwatanta su ba. Na dafa abinci, na raba, na wanke kwanuka. Na amsa gaisuwa. Maigidana ya ce, "Ki yi kukan nan mana ki huta." Na ce zai zo. Na yi tunanin fuskarsa in ya ji, da ta surukata, da ta 'yata babba da ta fara riƙe waya. Tunanin ma ba tsoro yake ba ni ba, wucewa kawai yake yi kamar motocin kan titi. Na ci tuwo na ƙoshi. Wannan ne kaɗai ya ɗan ba ni tsoro.

Rana ta shida bayan la'asar Baffa ya zo da babbar jaka da galan ɗin kalanzir. Akwai rabin duro a bayan gida inda ake ƙona shara. Na buɗe masa ɗakinta, na nuna masa akwatin ƙarfen da littattafan suke ciki, na tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ciwo. Ya yi bisimilla ya ɗauki na farko. Sai na ga ya sa hannun rigarsa ya goge bangon littafin, gaba da baya, sannan ya kwantar da shi a jaka a hankali. Haka ya yi wa na biyu, haka na uku. Abin da zai cinna wa wuta nan da minti goma.

Ba zan ce jarumta ce ta zo mini ba, don ban ji ta ba. Ƙafata ce kawai ta tafi. Na durƙusa kusa da shi, na zaro littafin da na sani, na buɗe babin da aka tura wa matarsa. Na buɗe wannan babin a wayata, na ajiye su gefe da gefe a kan gado.

"Baffa, karanta wannan. Sannan ka karanta wannan."

Ya dube ni, ya laluba aljihu ya sa tabarau. A rayuwarsa bai taɓa karanta layi ɗaya na yayarsa ba. Ya bi manyan baƙaƙenta da yatsa, shuɗi da ja, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshen shafi, ya juya, ya ga babi na gaba. Ya koma baya. Ya dubi wayar, ya sake duban takardar.

"Ina sauran?"

"Babu saura, Baffa. Nan ta tsaya. Daga nan ni ce."

Ana jin mai sayar da ruwa yana buga kurarsa a waje.

"Ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Ba ta sa ki ba?"

"Hana ni ta yi."

"Littafi nawa?"

"Huɗu."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Kwana uku ina roƙa mata gafarar abin da ba ta yi ba. Kwana uku ina jin kunyar yayata tana cikin kabari. Jiya wani ya ce mini mutuniyar kirki ce, na kasa amsa masa."

Na ce, "Baffa, ka yafe mini."

"Ni me kika yi mini?" Ya dafa gado ya miƙe. "Wadda za ki roƙa, ni na sa ta a rami da hannuna ranar Talata."

Ya ɗauki galan ɗinsa ya fita. Jakar ya bar ta a nan, da littattafai uku a ciki.

Washegarin sadakar bakwai na cire littattafan nan huɗu daga guruf, na rubuta abin da ya faru da sunana. Maigidana ya karanta a wayarsa kamar kowa, don na kasa gaya masa da baki, kuma har yau bai ce mini komai a kai ba. Wasu sun zage ni, sun kyauta. Wasu sun fita. Wata yarinya ta rubuto cewa ai wuraren nan su suka fi daɗi, don Allah in ci gaba. Na daɗe ina kallon saƙonta, sannan na kashe wayar.

Amma guruf ba shi ne duniya ba. Shafukan sun yi tafiya daga waya zuwa waya, sun kai inda ban sani ba, kuma duk da sunanta a sama. Shi ya sa na rubuta wannan. Duk wadda take da ɗaya daga cikin littattafan nan huɗu, don girman Allah ta goge. Duk wadda ta taɓa karantawa ta taɓe baki ta ce tsohuwa da ita, ta sani ba tsohuwar ba ce. Tsohuwar tana baranda da tire a cinya, idonta ba ya gani, ta yarda da wadda ta riƙe tun tana shekara shida.

Ban samu na roƙe ta ba, kuma ba zan samu ba. Na zauna da wannan, ban san ko wata rana zai zama kuka ba.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya haskaka mata shi fiye da yadda idonta ya rasa haske a nan. Ya Allah, abin da ta rubuta da hannunta kaɗai za a kai mata. Sauran a ajiye mini, ina nan tafe.